Na fara zamiyar ƙanƙara da girmana, takalmin yana kashe mini ƙafa: wanne zan saya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Otawa ta Kanada, shekaruna 43, nauyina kilo 84. Bara na shiga ajin manya na koyon zamiyar ƙanƙara, irin wadda ake juyi da tsalle, bayan na gaji da zaman benci ina jiran 'yata ta gama darasi. Na sayi takalmi a wani babban kanti, daidai lambar da na saba sawa. Minti goma da shiga fili sai yatsuna su mutu, tafin ƙafata ya ɗau zafi, dunduniyata kuma ta riƙa ɗagawa a ciki. Yanzu ma wuyan takalmin ya karye ya kwanta gefe. Wata a ajinmu ta ce in sayi takalmin Ice Fly na kamfanin Edea tunda ina da jiki, wai zai yi mini shekaru. A halin yanzu muna koyon tafiya da baya da ɗan tsallen farko na rabin zagaye. An ce aikinka ne auna wa mutane takalmi da wasa wuƙar da ke ƙasansa. Mece ce shawararka?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Sannu da ƙoƙari, Allah ya ƙara ƙwarin gwiwa.

Kada ki sayi Ice Fly yanzu. Kada ma ki sayi kowane takalmi bisa sunansa, ko don ya yi wa wata daɗi, sai an auna ƙafarki tukuna. Zan zo kan maganar ƙarfi da jurewa, amma ba can matsalarki ta faro ba. Koke-koken nan da kika jero, a ganina duk tushensu guda: takalmin ya yi miki tsawo, ya matse ki a gaba, sannan ba a yi shi don mai nauyinki ba.

Yadda abin yake faruwa kuwa shi ne, takalmin zamiya a bisa al'ada yana zuwa ƙasa da lambar takalmin yawo, sau da yawa da lamba ɗaya ko ɗaya da rabi. Mutum ya gwada daidai tsawonsa, sai ya ji gefen yatsu ya matse, sai ya ce ya yi kaɗan, a ba shi na gaba. Na gaban ya ɗan sake a faɗi, sai ya biya ya tafi. Alhali faɗi yake nema, ba tsawo ba. Da tsawo ya ƙaru, dunduniya ta sami wurin yawo. Ƙafa kuma ba ta yarda da yawo a kan santsi, don haka yatsu za su ƙanƙame ƙasan takalmin ba tare da kin sani ba, zafin tafin ƙafar ke nan. Ke kuma da kika ji ƙafa na motsi sai ki ƙara ɗame igiya a kan gadon ƙafa, inda jijiyoyin jini da na ji suke bi zuwa yatsu. Mutuwar yatsun ke nan, sanyin fili ya ƙarasa sauran. Wuyan takalmi kuma, tunda idon sawunki bai zauna a gurbin da aka yi masa ba, sai ya lanƙwashe a inda ba a tsara masa lanƙwasa ba. Na kanti dama sosonsa da jikinsa masu laushi ne, an yi su ne don mai zagaya fili nan da can a lokacin hunturu, ba don mai zuwa aji kowane mako ba.

Akwai kuma wata ɓarna da ba a gani. Wuƙar da ke ƙasan takalmin ba miƙaƙƙiya ba ce, tana da lanƙwasa, kuma akwai wani ɗan wuri bayan haƙoranta na gaba inda ake juyi a kansa. Wajibi ne wurin nan ya faɗo daidai ƙarƙashin tudun gindin yatsunki. In takalmi ya yi tsawo, wurin ya yi gaba ya bar ƙafarki a baya. Sai ki ga kina ta fama da juyi, koci na cewa ki gyara tsayuwa, ke kuma kina zargin shekarunki.

Ga wani abu da ya shafe mu musamman. Wanda ya tashi cikin silifas da takalmi buɗaɗɗe, ko ya sha yawo ba takalmi yana yaro, yawanci gaban ƙafarsa ya fi faɗi, yatsunsa a baje, ba kamar wanda aka tsuke wa ƙafa cikin rufaffen takalmi tun yana rarrafe ba. Ƙafa ce lafiyayya, sai dai yawancin kamfanonin nan ba a kan irinta suka fitar da ƙirarsu ta gama-gari ba. Ƙari a kan haka, haihuwa da shekaru da ƙarin nauyi sukan sa kwarin tafin ƙafa ya sauka, ƙafar ta ƙara tsawo da faɗi. Mace mai shekara arba'in da wani abu, lambar da take riƙe da ita a ka tun tana budurwa ba lalle ta zama lambarta ta yau ba. Abin da na fi gani a wurin mutanenmu shi ne gaba mai faɗi da dunduniya matsakaiciya ko siririya, kuma wannan haɗin ne ya fi wahalar samu a kanti.

Saboda haka ki nemi shagon da aikinsa ke nan, wanda 'yan wasan juyi da tsalle suke zuwa, ba shagon 'yan hoki, masu wasan sanda a kan ƙanƙara, ba, don takalman biyu ba su haɗa hanya ba. Kocinki zai san wanda ake yabo a garin. Ki je da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura da zirga-zirgar yini, da siririyar safar da za ki riƙa sawa a fili. A auna ki a tsaye, nauyinki a kan ƙafafun biyu, a auna kowace ƙafa daban don da wuya su zo daidai. Tsawo kaɗai bai isa ba. A zagaya tudun gindin yatsu da tef, a duba kaurin dunduniya, a duba tudun gadon ƙafa. In mai shagon ya tambaye ki lambarki kawai ya juya zai ɗauko kwali, ki yi masa godiya ki fita.

Da an kawo takalmi, ki zaro shimfiɗar da ke ciki ki taka ta a tsaye. Ki duba da kyau. Idan namanki ya zubo ta gefen babban yatsa ko ta gefen ƙaramin yatsa, faɗin bai isa ba. Idan akwai fili a gaban yatsu da ya kai faɗin ɗan yatsan hannu, tsawon ya yi yawa. Sannan ki mayar da shimfiɗar, ki sa takalmin ba a ɗaure ba, ki tura ƙafa gaba har yatsu su taɓo hanci, a zura biro ta bayan dunduniya. Biro ɗaya ya shiga da ɗan matsi, to madalla. Yatsan mutum ya shige sakayau, ya yi girma. Yara ake bar wa ɗan fili don ƙafarsu na girma, ke taki ta gama. Daga nan ki daki ƙasa da diddigen takalmin don dunduniya ta koma mazauninta, ki ɗaure, ki miƙe, ki lanƙwasa gwiwa har ta rufe miki ganin yatsunki. Abin da ake so shi ne yatsu su iya ɗan motsi sama da ƙasa, su shafi gaba amma kada su naɗe, tsakiyar ƙafa a riƙe ta gam, dunduniya kuwa ko gezau. Ki ɗaga kan yatsu ki ji ko ta zame. In ta zame a shago, a fili sai abin da ya ƙaru, domin soson ciki yana lotsawa da amfani, takalmi sakewa yake yi, ba ya tsukewa. Ki zauna da shi a ƙafa kamar minti ashirin kafin ki yanke shawara. Matsin da zai kashe yatsu ba ya nuna kansa a minti biyu.

Dunduniyar nan ita ce abin da ba na sassauci a kansa. Gaba in ya matse kaɗan ana iya buɗa shi da zafi da na'ura. Dunduniya in ta yi faɗi, sai dai a yi ta cushe-cushen soso, kuma ba ya ɗorewa.

Kowane kamfani da siffar ƙafar da yake ɗinki a kanta. Jackson, wanda hedikwatarsa ke nan Ontariyo, an san shi da gaba mai yalwa da dunduniya mai ɗan tsukewa, yana kuma yin takalmin da faɗin gabansa daban, na bayansa daban. Shi ya sa nake yawan fara gwada wa masu irin ƙafarmu shi. Riedell na garin Red Wing a Minesota ta Amurka, ƙirarsa ta gama-gari ta fi karɓar siririyar ƙafa, ko da yake yana da masu faɗi in an yi oda. Risport da Edea duka na arewacin Italiya ne, daga yankin Montebelluna da ya yi suna wajen takalman wasanni, kuma su biyun da milimita suke lambarsu, za ki ga 250 ko 255, ba 7 ko 8 ba. Akwai Graf na Suwizalan. Wanda ƙafarsa ta gagari duk waɗannan, ko ƙafafunsa biyu suka bambanta sosai, akwai masu ɗinki na musamman irin su Harlick a Kalifoniya, a zana ƙafa a auna a ɗinka wa mutum nasa. Da tsada da jira, kuma ban cika tura mai koyo can ba sai dole. Duk wannan jagora ne kawai na inda za a fara. Ƙafarki ce za ta yi hukunci.

To, maganar ƙarfi. 'Yar ajinku tana da gaskiya ta wani ɓangare, kuma ya kamata a ba ta ita. Jadawalin da kamfanoni ke bugawa, wai wannan na mai koyo ne, wancan na mai tsallen zagaye ɗaya ne, an tsara shi ne da yara a zuciya. Yarinya mai kilo 30 da ke mai kilo 84, ko da darasi ɗaya kuke yi, ba nauyi ɗaya kuke ɗora wa wuyan takalmi ba. Babba dole ya hau mataki ɗaya sama da abin da jadawali ya ce, wani lokacin biyu. Inda ta kauce shi ne tsallakawa har ƙololuwa. Edea na ba takalmansa lambar ƙarfi: Overture 48, Chorus 70, Concerto 85, Ice Fly 90, Piano 95. Na saman nan an yi su ne don masu tsallen zagaye uku da huɗu, waɗanda bincike ya nuna suna dira da ƙarfin da ya kai ninki biyar zuwa takwas na nauyin jikinsu, a kan ƙafa guda, sau da dama a yini. Ke ba ki dira da wannan ƙarfin, kuma ba za ki yi ba nan kusa.

Illar takalmin da ya fi ƙarfin mai shi ita ce yana hana lanƙwasa idon sawu, alhali duk wasan nan a lanƙwasar gwiwa da idon sawu yake. Turawa, riƙe gefen wuƙa, juyi, dira, babu wanda ake yi da ƙafa a sandare. In idon sawu ya kasa lanƙwasawa, jiki zai nemi wata hanya: ki duƙa daga ƙugu, nauyi ya tafi gaba, haƙoran wuƙa su caki ƙanƙara, ki kifa. Girgizar da ya kamata idon sawu ya shanye sai ta haura gwiwa da ƙugu da gadon baya, wuraren da mai shekara arba'in ba ta da rarar da za ta yi wasa da su. Tsokokin da ke riƙe idon sawun kuma ba za su yi ƙwari ba tunda takalmi ya karɓe musu aiki. Ga kuma kuɗi: Ice Fly da wuƙar da ta dace da shi sai sun haura dalar Kanada dubu. Kuma ko jurewar da ake kwaɗayi ba ta tabbata ba, don soson ciki da harshe da ƙasan takalmi suna tsufa ko da jikin bai karye ba. Sai ki wayi gari da takalmi mai tauri a waje, holoƙo a ciki.

A kula, lambobin ƙarfin nan ba ma'auni ɗaya ba ne tsakanin kamfanoni. Babu wata hukuma da ta daidaita su. 60 na wannan ba 60 na wancan ba ne, don haka kada ki jera su a takarda kina kwatantawa.

Wannan tauri ma sabon abu ne in an duba tarihin wasan. Tun da Jackson Haines, Ba'amurken nan na shekarun 1860, ya ɗaure wuƙa a jikin takalmi da sukuru, takalman sun daɗe suna da taushi, fata ce doguwa mai bin ƙafa. Dubi hotunan Sonja Henie, shahararriyar 'yar wasan zamiya ta Norway, a shekarun 1930 ki gani. Da tsalle ya yi ta ƙaruwa, musamman bayan an cire zanen siffofi na dole, wanda ake yi da wuƙa a kan ƙanƙara, daga manyan gasa a 1990 aka bar tsalle da juyi suna cin kasuwa, sai takalma suka yi ta ƙara tauri. Taurin amsa ce ga wata buƙata, kuma buƙatar ba taki ba ce tukuna.

Edea kuma yana da wani hali nasa da ya kamata ki sani ko da wata rana za ki koma gare shi. Jikinsa ba a yi shi don ya lanƙwasa ba, harshen ne ke ba da hanya, shi ya sa ake barin samansa da ɗan saki, har yatsu biyu su iya shiga ta baya. Wanda ya saba da takalmin da ke rungume ƙwauri yakan ji kamar an sake shi a sarari. Wasu na son haka ƙwarai, ga shi da rashin nauyi, manyan 'yan wasa irin su Yuzuru Hanyu na Jafan da shi suka yi tashe. Wasu kuwa sai su ɗame saman don su ji riƙo, su karya takalmin kafin lokacinsa. Mai koyo da idon sawunsa bai yi ƙwari ba ya fi faɗawa cikin kashi na biyu.

Da nauyinki da matakinki, ajin da zan duba miki shi ne wanda aka yi don masu tsallen zagaye ɗaya zuwa farkon na zagaye biyu: irin su Jackson Debut, ko Risport RF3 Pro, ko Chorus in ƙafarki ta Edea ce kuma kin ji daɗin sakin samansa. Jackson Freestyle, wanda ke zuwa da wuƙarsa a ɗaure, ya fi sauƙin kuɗi kuma yana yi wa manya da yawa, sai dai a kilo 84 da tsalle a gaba ina tsoron ba zai daɗe miki ba. Gwajin da zai raba gardama mai sauƙi ne: a ɗaure, ki iya tura gwiwa gaba har saman yatsu da ɗan ƙoƙari, amma in kin karkata ƙafa gefe takalmin ya ƙi ba ki hanya.

Sabon takalmi sai an yi masa gyara, wannan ba aibu ba ne. Yawancin na Jackson da Risport da Riedell na wannan aji ana ɗumama su a wata tanda ta musamman a shago, ki sa da ɗuminsu a ɗaure, su huce a ƙafarki su ɗau siffarta. Edea ba a sa shi a tanda, wurin da ke ciwo kaɗai ake hura wa iska mai zafi a tura. Kada ki gwada ko ɗaya a kicin ɗinki. Inda ƙashi ya turo, kamar ƙwallon idon sawu, ko kumburin gindin babban yatsa, ko wani ɗan ƙashi da wasu ke da shi a cikin kwarin ƙafa, ana sa na'ura a tura wurin waje. Dabarar nuna wurin: ki shafa ɗan jan-baki a kan ƙashin da ke ciwo, ki sa ƙafar ba safa, tabon zai fito a jikin takalmin daidai inda za a tura. Ki tambaya tun kafin ki biya ko gyaran yana cikin kuɗin, don za ki iya komawa sau biyu ko uku.

Makonnin farko ki bi a hankali. Rabin sa'a a fili ya isa, ki bar ƙugiyar igiya ta sama ba a ɗaure ba, ki yawaita lanƙwasa gwiwa da tafiya da baya, ki fita ki kwance ki sake ɗaurewa in kin ji buƙata. Tsalle ya jira tukuna. Game da ɗauri, ba ƙarfi ɗaya ake yi daga ƙasa har sama ba. Wajen yatsu sassauƙa, gadon ƙafa daidai wa daida, wurin lanƙwasar idon sawu nan ne ake ɗamewa sosai don shi ke danne dunduniya, ƙugiyoyin sama kuma a sassauta yadda ƙwauri zai iya zuwa gaba. Kada ki naɗe ragowar igiya a wuyan takalmi, yana karya shi. Igiya kuma tana miƙewa ta mutu, sauya ta kowane 'yan watanni abu ne mai araha da ke dawo da riƙo.

Sai ki san ciwon da ake haƙuri da shi da wanda ba a yi. Gajiyar tafin ƙafa da ta ƙwauri a farkon koyo, da ɗan ja a fata da ke gushewa bayan an cire takalmi, waɗannan na hanya ne. Amma zafi a gaban idon sawu inda igiya ke gicciye jijiyar da ke ɗaga ƙafa, har wurin ya kumbura, wannan harshen takalmi ne ya gaza ko ɗauri ya yi yawa, kuma in an ƙyale shi yana daɗewa bai warke ba. Ƙulli a bayan dunduniya kusa da agara, yawanci gogar dunduniya mai zamewa ce ke jawo shi. Kumburi mai ruwa a kan ƙwallon idon sawu, matsi ne a wuri guda. Akwai 'yar safa mai jel da ake sawa a idon sawu, irin ta Bunga, tana taimako ƙwarai, sai dai in kullum sai kin yi wa ƙafa ɗamarar soso uku kafin ki shiga fili, takalmin ne ba naki ba. Mutuwar yatsu kuwa, in ta wuce 'yan mintuna bayan kin cire takalmi, ko kina jin ta a gida, ki ga likita, balle in akwai ciwon suga. Mai suga ba ya wasa da bororo ko saɓar fata a ƙafa.

Safa siririya, mai santsi, marar kauri a ɗinki. Na san sanyin Otawa na sa mutum ya so mai kauri, amma kaurin na ƙara matsi, jini ya ragu, ƙafa ta fi yin sanyi. In kina da faso ko kaushi, hunturun nan da iskar hita suna tsananta shi, ki riƙa shafa mai da dare, ba dab da shiga fili ba, don ƙafa mai maiƙo zamewa take. In kin yi alwala kafin ki fito, ki tsane ƙafa sosai har tsakanin yatsu. Damshi ne ke kawo bororo, shi ne kuma ke cin takalmi daga ciki.

In tafin ƙafarki shimfiɗaɗɗe ne, ƙafar na faɗawa ciki, za ki ga kina kasa miƙewa a ƙafa ɗaya, kullum kina karkata ciki. Shimfiɗa mai ɗan tudu a kwarin ƙafa, wadda aka yi don takalmi mai diddige, tana gyara da yawa. Sauran kuma a wurin ɗaura wuƙa ake gyarawa. A takalmin da ake saye daban da wuƙa, ana fara ɗaura ta ne da sukurori kaɗan a ramuka masu tsawo, ki shiga fili ki zame a ƙafa ɗaya a miƙe, gaba da baya. In kina janyewa gefe, a matsar da wuƙar milimita ɗaya ko biyu. Sai ta zauna daidai sannan a ƙara sauran sukurorin. Kada ki yi tsalle a kan ɗaurin gwaji. Wuƙa kuwa ba sai kin wahalar da kanki ba: Coronation Ace ta John Wilson ko MK Professional, duka daga Shafil ta Ingila, sun ishe ki shekaru, kuma sau da yawa wuƙa ɗaya takan ga bayan takalmi biyu in tsawon ƙasansu ya zo ɗaya. Washi bayan kamar sa'a 20 zuwa 40 na amfani, a wurin wanda ya san wuƙar juyi. Mai wasa wuƙar 'yan hoki zai iya cinye miki wurin juyin nan a washi ɗaya.

Jurewa, a abin da nake gani a shago, babba mai shiga fili sa'a biyu zuwa uku a mako, da takalmin da ya dace da ƙafarsa da nauyinsa, yakan ci shekara biyu zuwa huɗu da shi. Manyan 'yan gasa kan kashe nasu a kakar wasa ɗaya. Abin da ya fi rage wa takalmin manya kwana ba tsalle ba ne, gumi ne da jaka. A gama wasa a cusa shi a jaka a zuge, a bar shi a but ɗin mota har mako ya zagayo. Gumin ya jiƙa soso da fata, sanyi ya daskarar, hita ta narkar. Da kin dawo gida ki fito da shi, ki sassauta igiya har ƙasa, ki ja harshe gaba, ki zaro shimfiɗa, ki bar shi ya sha iska nesa da hita. Wuƙa ki goge ta da tsumma har da ƙasan takalmin, ki sa mata rigar tawul mai shan ruwa. Kuben roba mai tauri na tafiya ne daga benci zuwa bakin fili kawai, in an ajiye wuƙa a cikinsa tsatsa za ta ci ta. In ƙasan takalminki na fata ne, a shafe shi da kakin hana ruwa kafin a ɗaura wuƙa, a kuma maimaita lokaci-lokaci, in ba haka ba ruwa zai bi ramin sukuru ya ruɓar da fatar har sukurun ya daina kamawa. Ki riƙa taɓa sukurorin da sukundireba, a ɗame su daidai, ban da murɗewa da ƙarfi.

Tunda a Otawa kike, na san in mashigin ruwan Rideau ya daskare aka buɗe shi za ki so ki hau, kilomita 7.8 ne na ƙanƙara a tsakiyar gari. Ki hau, amma ba da sabon takalminki ba. Ƙanƙarar waje na da tsakuwa da yashi da tsaga, tana dakushe wuƙa nan da nan. Ki nemi wani mai sauƙin kuɗi, daidai ƙafarki, ki ware shi don wannan.

Alamar takalmi ya gama aiki ba ta ɓuya. Ɗan layi a wurin lanƙwasa ba komai ba ne. Amma in layin ya zama kwari mai zurfi, in kin matsa wuyan da hannu ɗaya gefe biyun suka haɗu, in kina sake ɗauri sau uku a darasi guda, in harshe ya lotse yana zamewa gefe, ko kika fara jin idon sawu na rawa a motsin da kika riga kika iya, to lokaci ya yi. Wanda ke ƙafarki yanzu, yadda kika siffanta wuyansa ya kwanta, ki daina tsalle da shi daga yau, ko da ɗan ƙaramin nan ne. Targaɗe a shekarunmu ba ya saurin sakin mutum.

Na hannu kuma, ga yara yana da amfani don sukan fi ƙarfin takalmi kafin su kashe shi. Na babba yawanci ya riga ya ɗau siffar ƙafar mai shi, sosonsa ya lotsa inda tasa take, ba inda taki take ba. In za ki saya, sai wanda aka sa kaɗan aka ga bai yi ba, kuma ki kai wa mai awo ya duba kafin ki biya. Haka sayen intanet: ki bari sai takalmi na biyu, bayan kin san kamfaninki da lambarki da faɗinki. Kuma ko a shago, ki tambayi ƙa'idar mayarwa tun kuɗinki na hannunki, domin galibi da zarar an ɗumama takalmi, ko an huda ƙasansa an ɗaura wuƙa, ko an wasa ta, ya zama naki. Ranar da za ki je ki tafi da tsohon takalmin. Inda ya karye da inda shimfiɗarsa ta lotse za su nuna wa mai awon yadda kike taka ƙafa tun kafin ya ɗauko tef.